Rusau: Kalmar da Ba Ta Faɗin Mai Gaskiya

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na faɗuwar gini, kuma kowacce da inda take zama. Idan damina ta jiƙa katangar ƙasa har gindinta ya ci, sai a ce ta zube ko ta faɗi. Idan rufin soro ya sauko kan mutanen da ke ciki, ya rufta. Idan abu ya farfashe har ba a gane siffarsa, ya ruguje ko ya rugurguje. Abin da ya saura a tsaye ba rufi shi ne kango, garin da aka tashi aka bari shi ne kufai, tarin da ke ƙasa kuma ɓaraguzai. Duk waɗannan tsofaffi ne a bakin mutane. Wadda ta fi su tashe a 'yan shekarun nan ita ce rusau, kuma ita ce nake ganin muna amfani da ita da sakaci, sakacin da ke cutar da mutane na gaske.

Tushenta fi'ilin rusa ne. Rusa kullum yana buƙatar mai yi da abin da aka yi wa: hukuma ta rusa shago, magini ya rusa katanga. Ba a cewa "gini ya rusa" a yi shiru. Ɗan'uwansa rushe, wanda harafin s ya koma sh a cikinsa saboda wasalin e kamar yadda fasa ke komawa fashe, yana da fuska biyu. Ana cewa "an rushe gidan", ana kuma cewa "gidan ya rushe". A ta farko akwai hannun mutum, a ta biyu babu. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai rubuta labari. Kanun da ya ce "shaguna 50 sun rushe a kasuwa" ya sa mai karatu ya zaci ambaliya ce ko ginin algus, alhali wataƙila katafila ce ta zo da asuba. Haka ma sunan aikin: rushewa na iya zama abin da ya faru da kansa, kamar rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, rusawa kuwa sai da mai yi. Daga nan ne kalmar ta bazu zuwa abubuwan da ba na bulo da siminti ba. An rusa rundunar SARS a Oktoban 2020, majalisar dokokin Kano ta rushe dokar masarautu a Mayun 2024, mace ma takan rushe da kuka.

Rusau ta fita daban da waɗannan duka saboda ƙarshenta. Hausa na da kalmomi masu ƙarewa da -au iri biyu. Akwai masu siffanta mutum da halinsa: mantau, makarau, gagarau, jimrau. Akwai kuma masu nuna aikin da ake yi a kai a kai, galibi don lada: dakau, wankau, aikatau. Rusau ta shiga sahu na biyu. Ba rusa gini guda ba ne, aiki ne da aka ɗaura wa ɗamara, ana bin layi ana yi. Wanda ya sauke tsohon ɗakinsa don ya gina sabo ba ya cewa ya yi rusau. Sai hukuma ta fito da injina da jami'an tsaro ake kiran abin da wannan suna. Shi ya sa laƙabin Mai Rusau ya manne wa Malam Nasiru El-Rufa'i tun yana ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, ya kuma bi shi har Kaduna. Masu yabonsa da masu zaginsa duk da kalmar guda suke yi, kuma nan ne matsalar take. Rusau tana faɗin cewa gini ya sauka da hannun hukuma, amma ba ta faɗin ko hukumar na da gaskiya.

A ƙarƙashinta ana cusa abubuwan da doka ta raba su nesa da juna. Akwai ginin da ya tsage, ginshiƙansa suka fara lanƙwasa, ana tsoron ya rufta kan mazauna da masu wucewa. Sauke irin wannan ceton rai ne, ba mai hankalin da zai yi gardama. Akwai ginin da aka ɗora kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko cikin hanya, ba tare da izinin hukumar tsara birni ba, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Shi ma rusa shi na iya zama daidai, in an bi matakai. Sai na uku, wanda ya fi kowanne shan zalunci: ginin da mai shi ya mallaka da halalinsa, gwamnati kuma tana son wurin don titi ko gada ko asibiti. Wannan mutumin ba mai laifi ba ne. Ana karɓar dukiyarsa ne don amfanin jama'a, kuma bashi ne a kan gwamnati ta biya shi. Idan aka kira duk ukun rusau aka yi shiru, mai gaskiya ya shiga rigar mai laifi, kuma jama'a sun daina tambayar diyyarsa.

A kan na ukun nan doka ba ta yi rowar bayani ba. Sashe na 43 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar fili da gini a ko'ina cikin Najeriya. Sashe na 44 ya ce ba za a karɓe su da tilas ba sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba, ta kuma ba mai dukiyar damar zuwa kotu kan haƙƙinsa da adadin abin da za a ba shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta fayyace sauran. Sashenta na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili, amma don muhimmiyar buƙatar jama'a ko saɓa sharuɗɗan mallaka, kuma sai jami'in da aka ba izini ya sa hannu, sanarwar ta isa ga mai filin. Haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta same shi, ko ranar da aka ambata a cikinta ta cika. Jawabi a rediyo ba sanarwa ba ne, jan fenti a bango ma ba sanarwar soke mallaka ba ne. Sashe na 29 ya faɗi yadda ake lissafin diyyar gini: kuɗin da za a kashe a gina irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara kuɗin jinkiri in an makara wajen biya.

Akwai kuma wata magana da jami'ai ke yawan jefa wa talaka, wai "ba ka da takarda". Sashe na 34 na wannan doka ya ce wanda yake riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin dokar ta fara aiki a Maris 1978, ana ɗaukarsa tamkar gwamna ya ba shi haƙƙin zama. Sashe na 36 ya yi irin wannan tanadi ga filayen karkara. Ke nan gidan gado a cikin badalar Kano ko birnin Zariya ko Katsina, wanda kakanni suka gina da tubali da azara, ba haramtaccen gini ba ne don kawai magada ba su taɓa zuwa ma'aikatar ƙasa ba. Rashin takarda daban, rashin haƙƙi daban. Lamarin ya fi sarƙaƙiya a unguwannin awon igiya, inda mai gona ya yanka filoti ya sayar da shaidar mai unguwa da dillali, ba a bar titi mai faɗi ba balle magudana. A nan akwai laifin mai saye, amma akwai na hukumar da ta ga ana haƙa tushe, ta ga an kai linta, ta ga an yi rufi, ta ga an kawo fal-fal ɗin lantarki, ba ta ce uffan ba sai bayan shekara 15. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta jera matakan a tsare: umarnin dakatar da aiki, sanarwar gyara ko cire abin da ya saɓa, sannan sanarwar rusawa. An sa dakatarwa a farko ne domin hana gini yana tushe ya fi sauke shi yana hawa biyu sauƙi ga kowa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya, tsara birni ya zama hurumin jihohi, kowace da dokarta, amma wannan jerin hankali ne kafin ya zama doka.

Abin da ya faru a Kano a Yunin 2023 ya nuna yadda kalmar ke rufe ido. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka fara sauke gine-gine a filin sukuwa, da tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idi, da sauran wurare. Hujjar gwamnati ita ce filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta yanka ta rabar. Tambayar ko ya dace a sayar da filin Idi ko harabar makaranta tambaya ce mai nauyi, kuma ni ina cikin masu ganin bai dace ba. Amma ɗan kasuwar da ya biya kuɗi ya karɓi takarda mai hatimin gwamnati, da gwamnati ya yi ciniki, ba da jam'iyya ba. In cinikin ɓatacce ne, hanyar warware shi soke mallaka ne a rubuce, a saurari mai shi, a bar kotu ta raba gardama, a tuhumi jami'in da ya sa hannu. A Satumban wannan shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan biliyan 3. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, kuɗin talakawan Kano ne suka tafi biyan kuɗin gaggawa. Duk tsawon muhawarar, mutane sun rabu gida biyu, masu goyon bayan rusau da masu adawa da rusau, kamar abu ɗaya ne da za a so ko a ƙi gaba ɗayansa.

Wata kalmar da ta fito a lokacin ta ƙara dagula lissafi, wato ganima. Matasa suka riƙa bin ɓaraguzai suna kwasar rodi da ƙofofi da kwano da kayan shaguna, suna kiransu da sunan da shari'a ta keɓe wa abin da aka samu a fagen yaƙi. Ko gini haramtacce ne, rodin da ke cikinsa da buhun shinkafar da ke shagon na mai su ne. Soke izinin gini ba ya halatta dukiyar mai ginin. Ragowar wani gini da aka bari rabi a tsaye ma ta rufta kan masu tsintar ƙarfe, kuma wannan ya kai mu ga ɓangaren da kusan ba a tattaunawa: rusa gini sana'a ce mai ƙa'ida kamar gina shi.

Ƙa'idar farko ita ce ana sauke gini ne ta bayan yadda aka ɗora shi. Abin da aka sa ƙarshe shi ake fara cirewa. Kafin a taɓa komai, injiniya zai zagaya ya gane me ke ɗauke da me: shin bangon ne ke riƙe da dakin (wato rufin kankare), ko ginshiƙai da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ne, bangon cike gurbi kawai yake? Sannan a yanke lantarki daga fal, ba daga mita ba, a rufe ruwa, a fitar da tukwanen gas da jarkokin mai. A nemo inda shadda da rijiya suke a yi musu alama, domin murfin shadda ba ya ɗaukar injin da ya kai tan 20, kuma da yawa an rufe su da ƙasa har masu gidan sun manta. Daga nan a cire ƙofofi, tagogi, silin, wayoyi, kwano da katako da hannu. Wannan matakin shi ne ke ceto wa mai gini kaso mai tsoka na dukiyarsa, kuma shi ne rusau na dare ke hana shi. In rufin na asbesto ne, irin na tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata, sai a jiƙa shi a kwance shi falle-falle, kada a fasa, domin ƙurarsa na kama huhu kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

Bayan haka ake hawa sama a fara saukowa hawa-hawa: dakin tukuna, sannan bim, sannan ginshiƙi. Lissafin nauyi ne ya sa haka. Kankare mai rodi na da nauyin kimanin kilo 2,400 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Dakin mai kaurin santimita 15, tsawo mita 10, faɗi mita 10, ya kai tan 36. Wanda ya sare ginshiƙan ƙasa da guduma don ya ciro rodi, wannan nauyin yake kwancewa a kan kansa, kuma kankare ba ya gargaɗi kamar yadda azara ke ƙara kafin ta karye. Kuskure na biyu da ke yawan kashe leburori shi ne tara ɓaraguzai a kan dakin na ƙasa. Dakin gidan zama an lissafa shi ne ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita na mutane da kaya. Tarin fasasshen kankare mai tsayin rabin mita ya ninka wannan sau uku ko fiye. Dole a riƙa sauke shi ƙasa ana cikin aiki, a kuma tokare dakin daga ƙasa in ana shakka. Baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi ita ma tarko ce: rodinta na aiki a samanta yake, kuma nauyin ginin da ke bayanta ne ke riƙe da ita. In aka fara cire na bayan, sai ta kifo kan titi. Ita ake tokarewa a fara saukewa.

In da inji za a yi, hannunsa ya fi ginin tsawo, a bar fili tsakaninsa da bango, a ture ginin ya faɗa ciki ba waje ba, a killace wurin da kwano, a sa mai tsaro, a riƙa fesa ruwa saboda ƙura. Kuma ba a tashi daga aiki a bar bango tsaye shi kaɗai ko dakin rataye da rodi. Abin da aka fara saukewa yau, a kai shi matsayin da zai kwana lafiya. Tsofaffin unguwanni suna da nasu haɗarin: gida biyu kan raba katanga guda, azarar wannan da ta wancan duk a cikinta suke. Katafila ba ta san iyakar gado ba. Ta ja ɗaki ɗaya, soron maƙwabci ya biyo. A irin wannan wuri aikin hannu ne kaɗai ya dace, ko da zai ɗauki mako guda maimakon awa guda.

Duk wannan yana buƙatar rana, da lokaci, da sanin mai gida. Shi ya sa lokacin da aka zaɓa don yin aikin yakan tona niyyar mai yinsa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa, wanda ke kula da yarjejeniyar da Najeriya ta shiga a 1993, ya fitar da sharuɗɗan tashin mutane a 1997: a tuntuɓe su, a ba su isasshen wa'adi, jami'an gwamnati su kasance a wurin kuma a san ko su waye, kada a yi da dare ko cikin mummunan yanayi, a bar musu hanyar kai ƙara, kada kuma a bar su ba matsuguni. Maroko a Legas ita ce misalin saɓa wa kusan dukkansu tun kafin a rubuta su: Yulin 1990, tsakiyar damina, wa'adin kwana 7, mutane kimanin 300,000. A 2017 wata babbar kotun Legas ta yanke cewa tashin mazauna bakin ruwa irin su Otodo Gbame ba tare da tuntuɓa da tanadin wurin komawa ba ya saɓa wa tsarin mulki. Musulmi kuwa ba sai ya je nesa neman misali ba. Da Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Harami, sayen gidajen da ke kewaye ya yi, waɗanda suka ƙi sayarwa aka ƙimanta gidajensu aka ajiye musu kuɗin har suka karɓa. Buƙatar da ta kai ta Ɗakin Allah ma ba ta share diyya ba.

Ba ina kiran a daina amfani da kalmar ba ne. Kalma ce mai kyau, gajeriya, Hausa tsantsa, kuma ta kama abin da take nufi. Ba kuma ina cewa hukuma ta naɗe hannu ba. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke shiga gidaje a Kano ko Kaduna saboda wani ya toshe magudana da shago ya san akwai gine-ginen da dole su sauka. Abin da nake nema shi ne kada rusau ta tsaya ita kaɗai a jimla. Ɗan jaridar da zai rubuta ta ya faɗi hukumar da ta yi, da fi'ilin rusa mai nuna mai yi, ba rushewa mai ɓoye shi ba. Ya faɗi wane iri ne: ginin haɗari, ginin da ba izini, ko karɓar mallaka don aikin jama'a. Ya nemi ganin sanarwar da ranar da ke kanta, ya tambayi ko akwai ƙara a gaban kotu. Kada ya rubuta "haramtattun gine-gine" da bakinsa in ba kotu ce ta faɗa ba, ya ce hukuma ce ta kira su haka.

Shi kuma wanda ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa, ya ɗauki hoton alamar da ginin ciki da waje a ranar. Ya je ofishin hukumar da takarda a rubuce yana neman dalili da sashen dokar da aka dogara da shi, ya karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ya tattara takardar ciniki, rasiɗin kuɗin ƙasa, izinin gini, takardar rabon gado, ya ajiye kwafinsu a wani gidan daban. Ya sa ƙwararren mai ƙima ya rubuta darajar ginin tun yana tsaye, domin ƙimanta ɓaraguzai sai da gardama. In maƙwabta da yawa abin ya shafa, su haɗu su ɗauki lauya ɗaya ya nemi umarnin dakatarwa, a kuma tabbatar an kai wa hukumar umarnin hannu da hannu an sa hannu an karɓa kafin wa'adin ya cika.